Shirun Garejin Baba Kunne

A garejin Baba Kunne akwai wata doka da ba a rubuta ta a bango ba, amma duk direban da ya taɓa shigo da mota ya san ta. In an gama gyara, ko da fitila kawai aka canja, mota ba ta fita sai an yi mata shiru. A sa katako a gaban tayoyi, a bar inji ya cika tankunan iska, a kashe shi, direba ya taka birki ya riƙe. Daga nan kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai guduma ya ajiye guduma, mai walda ya kashe wuta, mai shayin bakin ƙofa ma ya rage rediyonsa. Sai Baba ya zagaya motar a hankali, hannuwa a baya, kai a karkace kamar kaza tana duban shaho.

Birkin manyan motoci da iska yake aiki, kuma iskar da ta sami kafa, komai ƙanƙantarta, sai ta yi tsaki. Tsakin nan yake nema. In bai ji komai ba, sai ya bugi jikin motar da tafin hannu sau biyu, an sallame ka ke nan. Shekara talatin da ɗoriya ana haka, ba a taɓa jin motar da ya buga wa hannu ta tsinke birki a hanya ba. Shi ya sa aka manta da sunansa na yanka, aka koma kiransa Kunne.

'Yarsa ta fari a garejin take aiki. Tun tana 'yar mitsitsiya take goya sufana a baya da ɗankwali, wai 'yarta ce, sunan kuwa ya manne mata, har yau Sufana ake ce mata. Shi dai Baba "Uwata" yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shekara takwas ke nan tana kwance injuna, hannunta ya faɗa, amma bakinta bai buɗe ba. In ta yi magana sai ka matso. Direbobi sukan tsokane ta su ce da kuɗi ake sayen muryarta.

Sufana na riƙe da wani sirri, ya kai shekara guda. A gida ta fara lura. Sai Inna, mahaifiyarta, ta kira Baba sau uku kafin ya waiwayo, in kuma ana yi masa magana bakin mai maganar yake kallo. Rugugin inji yana jin sa sarai, siraran sautuka ne suka fara guje masa. Wata rana ana cikin shiru ta ji tsaki a tayar gaban wata tifa, ta ga Baba ya wuce wurin ko gezau. Ba ta san lokacin da ta saki jan tsumman da take goge hannu da shi ba, ya faɗi a gindin tayar. Baba ya dubi tsumman, ya dube ta, sannan ya durƙusa a wurin ya ce, "Ga shi nan." Tun daga ranar abin ya zame musu yare. In ta ji wani abu, tsumma ya faɗi. Ba ta taɓa yi masa zancen ba, shi ma bai taɓa ɗaga shi ba.

Ran nan da hantsi wani direba da ake kira Gaggawa ya shigo da gingimarinsa, an labta mata rodi har tana nishi. Bai gama tsayawa ba ya diro.

"Baba, ka cece ni! Motar nan ta zama tsohuwar jaka. Da safe sai na yi ta lallashinta kafin ta tashi, in ta hango hawa kuma ta dinga tari kamar mai shan taba."

"Ina da ina ka kai ta?" in ji Baba, idonsa a kan bakin Gaggawa.

"Gareji biyu. Na farko suka ce famfon mai ne, suka kwance suka mayar. Na biyu suka canja nozul, masu fesa wa inji mai, shida cif."

Baffa mai walda, ƙanen Baba, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Ba wanda ya ba da shawarar a canja direban?"

"Kai Baffa, bar ni da abin da ya dame ni. Yau nake so in sauka gangare kafin rana ta faɗi."

Kowa ya san gangaren da yake nufi. Doguwar sauka ce mai kwana-kwana, ga rami a gefe, mai kaya ba ya ɗaga ƙafa daga birki sai ya kai ƙasa.

Baba ya sa aka ɗaga kan motar, aka tayar da ita da ƙyar. Ya ɗora tafin hannu a kan siraran bututan da ke kai mai ga nozul, ɗaya bayan ɗaya, ya lumshe ido kamar mai jin bugun zuciyar maras lafiya. Ya sa aka ƙara totur, aka rage. Ya dangwali dizal ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina.

"Uwata, kawo min tiyon nan mai garai-garai."

Ta ɗauko guntun tiyon roba wanda ake ganin abin da ke gudu a cikinsa, ta haɗa shi tsakanin filta da famfo kamar yadda ya nuna mata da haɓa. Da aka sake tayar da inji, sai ga ƙananan kumfa suna bin dizal a jere, kamar an zuba duwatsun wuya a ciki.

"Matso, Gaggawa. Me ka gani?"

"Kumfa."

"Motarka ƙalau take. Iska take haɗiya tare da abincinta, kai ma in aka yi maka haka sai ka yi tari."

"To ai ko ɗigo ba ta zubarwa, Baba. Na duba ƙasa har na gaji."

"Wannan ɓangaren zuƙa yake yi, ba turawa ba. Mai zuƙa ba ya zubarwa, sai dai ya jawo abin da ba a aike shi ba."

Ya bi bututun da yatsa, gaɓa-gaɓa, har ya kai kan filta. Ya kwance noti guda, ya zaro wata 'yar washa ta jan ƙarfe, ba ta fi zoben yatsa ba. An sha ɗaure ta har ta baje, ga tsaga a gefenta siririya kamar gashi. Ya ɗora ta a tafin Gaggawa.

"Ga famfonka, ga nozul ɗinka shida."

Sufana ta sa sabuwa, ta ɗaure, ta yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, dizal ya fito wasai. Gaggawa ya hau ya murɗa makulli. Bugu ɗaya motar ta ɗauka, da murya mai kauri, sumul, ba ko gargada.

Direbobin da ke jiran layi a inuwar rumfa suka taso. Wannan ya tafa, wancan ya cire hula ya yi wa Baba fifita da ita. "Kunne ke nan! Gareji biyu sun yi kwana da kwanaki, kai ko shayinka bai huce ba!" Baba ya yi kamar bai damu ba, yana goge hannu, amma Sufana ta ga yadda gashin bakinsa ke rawa. Ta daɗe ba ta ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ita kanta sai ta ji kanta ya ƙara girma.

"To Baba, ni zan kama hanya," in ji Gaggawa.

"Shiru tukuna."

"Haba Baba, birkina kamar na sabuwa. Jiya-jiyan nan na..."

"Hau ka taka."

Aka sa katako. Inji ya mutu, guduma ta kwanta, Baffa ya kashe wutarsa. Baba ya fara zagaye daga hannun dama. Sufana ta tsaya a hagu kamar kullum, ta sunkuyar da kai.

Da farko ba komai, sai ƙarfe mai zafi yana ƙas-ƙas. Can sai ta ji shi. Siriri ne ƙwarai, kamar sauro a ɗaki na gaba, daga tayoyin baya. Ta matsa taku biyu. Yana nan. Ta saki tsumma.

Wani dattijon direban tanka, mutum mai kirki, yana tsaye kusa da ita. Ya sunkuya da ƙyar, yana dafe da ƙugu, ya ɗauko tsumman ya kakkaɓe, ya miƙa mata yana raɗa, "'Yata, abinki ya faɗi."

Daidai lokacin Baba ya zagayo ta bayan motar. Ya dubi ƙasa, ba komai. Ya dubi hannunta, ga tsumma a ciki. Ya wuce da murmushinsa. Nan take ta ji tafinsa a jikin ƙarfe, bam, bam.

Inji ya tashi. Aka janye katako.

Sufana ta tsaya kamar an dasa ta. Ta yi tunanin ta je ta raɗa masa a kunne, sai ta tuna wane kunne, ga inji na ruri. Ta yi tunanin ta bari motar ta fita, ta tare Gaggawa a waje inda ba kowa, amma wa ya taɓa ganin Gaggawa ya tsaya bayan ya sa giya? Kuma wa zai juyo da mota a kan maganarta bayan Baba ya buga hannu? In ta buɗe baki a nan, gaban direbobi goma sha, kafin la'asar labari ya gama tasha cewa Kunne ya daina ji. Sunan da ya tara shekara talatin, ita za ta zubar masa da bakinta, a ranar da ake yi masa fifita da hula. In ta yi shiru kuma, ga rodi, ga gangare.

Motar ta fara mirginawa wajen ƙofa.

Ba ta san ta iya gudu haka cikin manyan takalman aiki ba. Ta sha gaban motar, ta tsaya tsakiyar ƙofa, ta ɗaga hannu biyu.

"Tsaya!"

Muryar ta fita har mai shayi ya zubar da abin da yake tsiyayawa. Gaggawa ya taka birki, ya leƙo ta taga.

"Ƙanwata, lafiya? So kike ki sa ni a uku?"

"Motar nan ba za ta fita ba. Tana zubar da iska."

"Baba fa ya buga hannu."

"Na sani."

Wani daga cikin rumfa ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, yau kuma ƙwai ne zai koya wa kaza kwanci?" Ba wanda ya taya shi. Baffa ya ajiye gilashinsa a hankali.

Baba ya tako, bai yi sauri ba. Ya yi wa Gaggawa alama ya kashe inji. Ya tsaya gabanta.

"Me kika ce, Uwata?"

Ta so ta faɗa ƙasa-ƙasa, amma ta san ba zai ji ba, dole ta ɗaga kai ta dube shi, ta buɗe baki sosai yadda zai gani.

"Baya, hagu, Baba. Tana tsaki."

"Kin tabbata?"

"Na ji."

Ya dube ta. Ba ta iya karanta fuskarsa ba, ita da take karanta ta tun tana goye.

"Gaggawa, dawo da ita baya. A sa katako."

Shirun da aka yi karo na biyu ya fi na farko nauyi. Baba ya durƙusa a gindin tayoyin baya, ya cusa kai ƙarƙashin motar, ya kara kunnen dama, ya juya ya kara na hagu. Sufana tana jin tsakin daga inda take. Ta ga Baffa ma ya karkata kai, ya ji. A ranta tana ta roƙo, Baba ka ce "ga shi nan" kawai, ka ce hayaniyar ɗazu ce ta ɗauke maka hankali, kowa zai yarda, ni ma zan ce haka ne.

Baba ya fito da kai, ya zauna a kan dugadugansa. Ya yi magana da ƙarfi, yadda na cikin rumfa za su ji.

"Ban ji komai ba."

Gaggawa ya fara cewa, "To ai shi ke nan..."

"Ban ce babu ba. Cewa na yi ban ji ba. Riƙe birkinka. Uwata, ruwan sabulu."

Ta kawo a gwangwani da ɗan buroshi. Ya karɓa. Bai yi ta shafe-shafe ko'ina ba, ya san inda irin wannan ciwo ke ɓuya. Ya shafa a mahaɗar tiyo, shiru. Ya shafa a bakin tukunyar birki, wato ƙarfen nan mai kama da tukunya da iska ke shiga ta tura birki. A wata 'yar huda da ke ƙasanta kumfa ta kumbura, ta fashe, wata ta taso, ta fashe.

"Sauko ka gani da idonka, Gaggawa."

Suka saki iskar tankuna. Baba da kansa ya ɗaure sifirin ɗin da ke cikin tukunyar da doguwar ƙusarsa, yana faɗin abin da ya saba faɗa, cewa sifirin ɗin nan ya fi alfadari harbi, ba a buɗe masa ƙofa sai an ɗaure shi. Sufana ta kwance maɗaurin, ta zaro faifan robar da ke ciki ta miƙa masa. Ido ba zai ce da wani abu ba. Baba ya lanƙwasa shi da manyan yatsunsa biyu, sai ga tsaga ta wage kamar bakin kifi, ta kusa rabin faifan, fata ɗaya siririya ta rage tana riƙe.

"A kwance, cikin gari, zai kai ka mako," in ji Baba. "A gangare, da rodin nan a bayanka, taku ashirin ya yi yawa. In ya fashe, iskarka ta tsiyaye, ƙafarka ta tafi ƙasa."

Gaggawa ya karɓi faifan, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya nemi wuri ya zauna a ƙasa dirshan, cikin baƙin mai, bai ko kula da wandonsa ba. "Innalillahi," kawai yake maimaitawa. Can ya ɗago ya dubi Sufana. "Ƙanwata, 'ya'yana huɗu. Ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba."

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fuskanci rumfa.

"Ku saurara, don ba zan maimaita ba, in kun yi tambaya ma ba lalle in ji ba." Wasu suka yi 'yar dariya ta rashin sanin abin yi. "Kunnena ya yi rauni. Ba yau ba, ya kai shekara. Duk motar da na kama tana tsaki a shekarar nan, yarinyar nan ce ta ji, ni nake karɓar godiya. Na ji kunyar faɗa, yau kunyar ta kusa cin ran mutum. Wanda ya ga zai ɗauke motarsa ya kai wani wuri, ƙofa a buɗe take, ba zan riƙe shi a rai ba."

Sufana ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta dubi rumfar tana jiran ta ga wanda zai fara tashi.

Dattijon mai tanka ne ya fara magana. "In kai ta ina? Wurin masu nozul shida?"

Dariya ta ɓarke, ta gaske wannan karon. Wanda ya yi zancen ƙwai ya sosa ƙeya ya ce shi dama wasa yake. Baffa ya ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki muryar ce. Shekara ashirin da shida ina zaton 'yar wana ba ta da maƙogwaro, ashe hon ɗin tirela ta haɗiye."

"Ka ji ta kai ma?" in ji Baba, ya juya da sauri, fuskarsa ta washe. "Ni da ba na ji sai da na ji ta! Tsakiyar ƙofa fa ta tsaya, gaban mota mai rodi. Wa ya haifi irin wannan a cikinku? Ku faɗa min!"

"Mun ji, Kunne, mun ji, kai ka haifa."

Suka sa sabon faifai, suka duba sauran tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ita da kunne, shi da sabulu. Gaggawa, wanda ko ruwa a tsaye yake sha, ya ce shi kam yau ba inda za shi, gangare ya jira gobe da safe. Ba motar da ta bar layi. Sai da aka yi la'asar sakaliya suka sallami ta ƙarshe.

A hanyar gida suka jera, tana riƙe da jakar kayansa. Ita tana ta juya kalmomin ban haƙuri a ranta, ta rasa ta inda za ta kamo.

"Baba," ta ce daga ƙarshe, da ƙarfi, "ka yafe min. A gaban mutane na..."

"Laifinki ɗaya," ya katse ta. "Kin bari sai da ya sa giya. In da birkin ya ƙi a bakin ƙofa fa? Me zan ce wa uwarki? Nan gaba tun inji bai tashi ba za ki buɗe wannan bakin."

"To, Baba."

Suka ƙara 'yan taku. Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya, ya dubi wani wuri daban.

"Jibi ba aiki da yawa. Za ki raka ni wurin likitan kunne. An ce akwai wani ɗan abu da suke saƙala wa mutum."

"Akwai, Baba."

"Ke za ki yi musu bayani, ke kika san irin sautin da ya ɓace. In sun tambaye ki aikinki, kada ki yi musu wannan noƙe-noƙen naki. Ki ce bakanikiya ce ke, ta manyan motoci." Sai ya girgiza kai. "Bari ma, ni zan faɗa musu da kaina."